Dahuwar Ƙarshe a Garejin Dudek

"Kashe wutar nan! Na ce ka kashe ta, tsohon banza!"

Lyle Tuominen bai jira amsa ba. Ya tsallake tudun ƙanƙarar da ke tsakanin gidajensu, ya faɗa garejin, ya murɗe kan tukunyar gas da hannunsa. Wutar ta yi fuf ta mutu. Maƙwabcinsa Kaz Dudek yana zaune a kujerar roba, taku biyu kacal daga murhun, da siririn tiyon iskar asibiti maƙale a hancinsa, irin iskar nan mai rura wuta.

"Wa ya gayyato ka?" in ji Kaz, yana jan numfashi da ƙyar.

"Garejina ne ya gayyato ni. Kamu ɗaya ne tsakaninsa da naka. In kana son ƙone kanka, tafi bakin tafki ka yi, amma ba da motata ba."

"Wannan akwalar? Da na taimake ka."

Shekara goma sha ɗaya ke nan ba su haɗa magana mai tsawon haka ba. Kaz ya yi aikin lodin tama a tashar jiragen ruwan Duluth har huhunsa ya gaji, kuma tun kafin Lyle ya tare a layin yake dafa giyarsa a garejin nan. Tukunyar dahuwar ma shi ya ƙera ta daga wata tsohuwar gangar ƙarfe, ya yanke mata baki, ya sa mata famfo a gindi. Yanzu tana cike da barzajjen tsiron sha'ir da ruwan zafi, an yafa mata wani bargo da gefensa ya babbake.

Lyle ya leƙa ma'aunin zafin. "Nawa kake nema?"

"Ina ruwanka?"

"Na ce nawa."

"Digiri ɗari da hamsin da biyu na Faranhait. Awa guda cur, kar ya sauka, in ba haka ba tsiron ba zai saki zaƙinsa ba. A sanyin nan kuwa duk minti goma sai ya zube, shi ya sa nake ƙara wuta. Ka ji, sai ka fita."

"'Yan kwana-kwana zan kira maka."

"Kira su mana. Likita ya ce ba zan ga narkewar ƙanƙarar bana ba. Kafin su gama cike takardunsu na riga su."

Lyle ya koma gida yana huci, ya ɗauki waya, ya tsaya da ita a hannu. Ya san yadda za a yi. Za su zo, su yi wa tsohon faɗa, su tafi, motarsu ba za ta karya kwana ba zai sake ƙyasta ashana. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne bargon nan. Shekara talatin da huɗu ya yi yana naɗe bututun ɗumama gidaje, bai taɓa ganin aikin ƙazanta irin wannan ba. Ya ajiye wayar, ya sauka ɗakin ƙasa, ya kinkimo ragowar soson naɗe bututu mai riƙe zafi, mai bayan ƙyalli, da salatif na ƙarfe, da wuƙarsa.

"Ba don kai nake yi ba," ya ce da ya dawo.

"Ni ma ban ce na gode ba."

Ya kori Kaz can bakin ƙofa da tiyonsa, ya kunna wutar ya mayar da zafin inda ake so, ya kashe. Ya sauke tukunyar daga murhun ya ɗora ta kan katako, don sumuntin ƙasa kada ya zuƙe ta. Sannan ya auna, ya yanka, ya naɗa mata soson zagaye uku, ya huda wa famfon da ma'aunin wurinsu, ya bi kowace gaɓa da salatif.

"Ka toshe mini hannun ɗauka," in ji Kaz.

"Kai za ka ɗauka? Kofin shayi ma rawa yake yi a hannunka." Lyle ya ƙwanƙwasa murfin da bayan wuƙa. "Ga inda zafinka ke gudu, daƙiƙi. Shekara arba'in kana rufe mata ciki kana barin kanta a buɗe."

Ya yanka faifai biyu na soson ya manna a murfin, ya danne. Kaz ya duba agogonsa. Daga nan babu sauran aiki sai jira, kuma Lyle ya ƙi tafiya, don bai yarda da tsohon ba ko na minti ɗaya. Ya kifa bokiti ya zauna.

Rabin awa ya wuce. Sai Lyle ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ka kashe mini kare."

"Karenka ɓarawo ne."

"Ka zubar da tuƙar ganyen ɗacin giyarka a jikin shingena, kana sane guba ce ga kare. A hannuna ya mutu, a motar da kake kira akwala, kafin mu isa wurin likita."

"Ban sani ba a lokacin." Kaz ya yi tari mai tsawo, ya goge bakinsa. "Washegari kai kuma ka kai ƙarata hukumar gari, aka zo aka auna mini gareji kamar na sato shi. Da ka ƙwanƙwasa ƙofata, da wataƙila na faɗi wani abu."

"Faɗe shi yanzu."

Kaz ya dube shi da jajayen idanunsa. "Yanzu kuma na manta."

Lyle ya ji kamar ya tashi ya yage duk abin da ya naɗa. Bai tashi ba. Da awar ta cika, suka miƙa wuya tare wajen ma'aunin. Ɗari da hamsin da ɗaya.

"Ɗaya ya zube," in ji Kaz. "Ashe ƙwarewar taka ta baki ce."

Sauran aikin duk a kan Lyle ya faɗa, tunda tafasawa sai da wuta. Ya tura tsohon cikin gida, Kaz kuwa ya buɗe tagar kicin yana ba da umarni kamar mai gidan haya. "Tace a hankali! Kar ka motsa dusar! Kai, kumfa zai zubo, makaho ne kai?" Da lokacin zuba ganyen ɗacin ya yi, Lyle ya zuba ba tare da ya dubi tagar ba, daga baya ya ƙulle tuƙar a leda biyu ya jefa a shararsa. Da yamma ya sauke ruwan giyar cikin ƙatuwar kwalba zuwa ɗakin ƙasan Kaz, tsohon ya barbaɗa yis da hannunsa.

"Ta wa ce wannan, tunda likita ya hana ka sha?" Lyle ya tambaya.

"Ta masu zuwa jana'izata. Kai ba ka ciki."

"Dama wa ya ce zan zo?"

Kwana huɗu bayan haka, da safe Lyle yana kwashe ƙanƙarar ƙofar gidansa, ya ga motar nas ɗin da ke duba Kaz ta daɗe fiye da kullum. Can wata doguwar mota ta zo ba jiniya. Mutum biyu suka fito da Kaz a rufe, ƙaramin abu a kan gadon turawa, ƙafar gadon tana maƙalewa a ƙanƙara. Lyle ya tsaya da shebur a hannu har suka tafi, sannan ya ƙarasa aikinsa.

Bai je jana'izar ba. Ranar da ta biyo baya aka buga masa ƙofa. Renata ce, 'yar Kaz tilo, wadda ta zo daga Milwaukee, ya yi shekaru bai sa ta a ido ba.

"Mista Tuominen, nas ta ce ku kuka taya shi wannan shirmen na ƙarshe."

"Hana shi ƙona layin na yi."

"To ku zo ku zubar mini da abin da ke ƙasa, ni ba zan iya ɗaga shi ba." Ta haɗe fuska. "Ranar da mahaifiyata ke jan ranta a sama, yana gareji yana gadin tukunya, wai saura minti ashirin. Ba na son ko warinta a gidan nan."

"Mugun tsoho ne," in ji Lyle. "Ba sai kin gaya mini ba."

Ya bi ta. Gidan duk kwalaye, an riga an cire hotunan bango. Ya sauka matakalar ɗakin ƙasa, ya kunna fitila, ya durƙusa ya kama wuyan kwalbar. Ruwan ciki ya yi launin zuma mai duhu, yana juyawa shi kaɗai. Ya daɗe a durƙushe bai ɗaga ba.

"Mista Tuominen? Ta yi muku nauyi ne?"

"Ba ta gama ba," ya ce. "Saura kwana goma. Ki ba ni makulli, ranar da ta nuna in kwashe ta, ba za ki sake ganinta ba."

"Ashe ku ma irinsa ne."

"Kar ki zage ni a gidan makoki."

Sai ya ji makulli ya faɗo a matakala, ya gangaro har kusa da takalminsa. Ya zaci za ta tafi, amma ya ji katakon ya yi ƙara, ta zauna a matakin sama da jakarta a cinya. Shi ma ya zauna a na ƙasa. A bakin kwalbar akwai wani ɗan bututun roba mai lanƙwasa da ruwa kaɗan a ciki. Ƙwayar iska ta taso daga giyar a hankali, ta ratsa ruwan, ta fashe. Suka jira ta gaba.