Harsashi Iri Uku

Injiniya Saifuddeen, mutumin Gusau da ke aiki da wani kamfanin gas a unguwar West Bay, ya shekara shida yana shiga gasar harbi a Doha. Daga nisan mita hamsin yakan zuba harsashi goma kusan a rami ɗaya. Ana saura sati uku gasar ƙungiyarsu ta masu harbi, sai harbinsa ya fara warwatsuwa a jikin takarda kamar an watsa wa kaji gero.

Ya ce laifin harsashi ne. Ranar Asabar bayan la'asar ya je filin harbi, ya sa Aruna, ɗan Kumasi mai kula da ma'ajiyar ƙungiyar, ya fito masa da iri uku: na Jamus, na Ingila da na Finland. Ya kwanta ya gwada kowanne goma-goma. Duk sammakal.

"Wannan zubin na bana bai da kyau," in ji Saifuddeen. "Babu wani?"

Aruna ya ce, "Injiniya, mu ɗaure bindigar a teburin gwaji mana, mu ga abin da za ta yi ita kaɗai."

Suka ɗaure ta. Aruna ya taɓa kunama sau talatin. Da aka ɗauko takardun, kowane iri ya taru wuri guda, tsaf. Aruna ya miƙa masa su bai ɗago kai ba.

"Ka ajiye mini na Jamus ɗin," Saifuddeen ya ce, ya fice.

A gida, a unguwar Aziziya, matarsa Safiyyatu, wadda likita ce, ta kawo masa shayi. Yana karɓa kofin ya shiga kaɗawa a kan faranti, shayin ya zubo masa a wando.

"Baban Zahra," ta ce a hankali, "tun azumi nake kallon hannun nan. Jira nake ka faɗa da bakinka."

"Gajiya ce kawai."

"Allah ya sa. Amma mu je a duba."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa. "Haka Baba ya fara, Safiyya. Har cokali sai da ya gagare shi."

Ba ta musa ba, ba ta kuma ce komai zai yi daidai ba.

Washegari da safe ita ta ja motar zuwa asibiti. Suna tsaye a danja ya ciro waya zai gaya wa Aruna a cire sunansa daga gasar. Ya rubuta, ya goge, ya mayar da wayar aljihu.