Atika Ba Ta Fashin Salla

Indo ta saki asabari, ta tokare ƙofar ɗaki da bayanta kamar akwai mai shirin kutsowa. Ba kowa a tsakar gida sai akuya. Amma mijinta Attahiru yana zaure tun da aka sallame asuba, ko fadama bai leƙa ba, ga albasa tana jiran ban ruwa. Ya riga ya faɗa, kuma shi ba ya magana biyu: in ungozoma ta ce ciki ne, yarinyar nan ba za ta kwana gidansa ba.

"Kwanta, ɗiyata," in ji Gwaggo Habi, tsohuwar da rabin mutanen Magarya suka faɗo duniya a hannunta. "Ba yanka ki za ni yi ba."

Atika ta kwanta a tabarma, tana ƙanƙame da mayafinta. Shekarunta goma sha biyar, ita ce ta farin Indo.

Indo ce ta janyo wannan zama da bakinta. Ta lura tun damina yarinyar ba ta yi fashin salla ba, ga shi har zafi ya fara shigowa. 'Ya mace kuwa in jininta ya ɗauke, mutum abu ɗaya yake kawowa a ransa, balle mai kai tallar fura kasuwar Wurno. Abin ya ci Indo ya cinye, ta gaya wa Attahiru. Da ta sani ta haɗiye abinta!

Wa ma zai zargi Atika? Ita ce ake wa 'yan matan unguwa gori da ita. Azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, daga baya ma ta ƙara da wasu ranakun. Daka ita, ɗiban ruwa ita, in ta dama fura sai ka lashe ludayi. Ta raba wa kowa tuwo, ta tsaya a kan ƙannenta sai sun suɗe kwano, sa'an nan ta ɗauki nata ta shige ɗakin kakarta. Can take cin abinci tun tana ƙarama. Kakar ta rasu a yunwar bara, shekarar da Turawa suka kwashi majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza, gonaki suka kwana. Tun daga nan Atika take ci ita kaɗai.

Habi ta janye mayafin. Ta kwance zani, sai ga wani zanin a ƙasa. Ta kwance shi, sai ga tsohon gwadon marigayiya an naɗe ƙirji da shi, a wannan zafi. Da ta warware gwadon sai hannunta ya tsaya cak.

"Indo, zo ki gani."

Indo ta kau da kai. Kunyar 'yar fari ce: ba ta kiran sunanta, ba ta zama kwano ɗaya da ita, rabon da ta ƙare mata kallo tun yaye. "Gwaggo, ki dai gaya mini."

"Na ce ki zo! Kunya ta ƙare yau."

Indo ta matso, ta duba. Innalillahi! Haƙarƙari a jere, ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa. Cikin ya lotsa har ya kusa manne wa baya. A kafaɗu da damatsa wani gashi ne mai laushi ya fito, irin na jinjiri sabuwar haihuwa. Ta taɓa ƙafar yarinyar ta ji ta sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Ba ciki na ba," in ji Habi. "Ina cikin za shi zauna? Jinin ma gudu ya yi, don bai samu abin kamawa ba." Ta juya ga Atika. "Mi kinka ci jiya?"

"Tuwo."

"Loma nawa?"

A waje akuya ta yi kuka, sai gaban Indo ya faɗi. Akuyar nan ta yi ƙiba har maƙwabta suna tambayar dusar da ake ba ta. Turkenta kuwa yana bayan ɗakin marigayiya. Ashe can tuwon Atika yake ƙarewa.

"Ni lahiyata lau," in ji Atika, tana laluben zaninta. "Ku dai ka ganin hakanan. Dubi nan." Ta kama fatar cinyarta da yatsu biyu ta ja, fata ce zalla. "Duk wanga nauyi na. Ni kaɗai ka jin shi."

"Wane nauyi, ke ko?" in ji Indo.

"In na ci, Inna, sai shi kwanta mini awa dutse. Wani abu shina ce mini na cinye rabon wani."

"Rabon wa? Yunwa ta wuce! Rumbu cike shi ke har baki!"

"Na sani, Inna. Wallahi na sani. Ba shi jin magana."

Habi ta jawo ƙwaryar furar da Atikar da kanta ta dama mata ta maraba. Ta cika ludayi ta miƙa. "Guda ɗai. Don girman furfurata."

Atika ta karɓa. Ta kai bakinta, ta dawo da shi, zufa ta keto mata, ta dubi ludayin kamar wadda aka miƙa wa kunama. Sai ta fashe da kuka marar sauti.

Indo ta san taurin kai, ta haifi masu shi. Ta san tsoron Allah kuma. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Yarinya ce a gabanta tana son ta faranta wa tsohuwa rai, wani abu ya riƙe mata hannu. Tausayi ya kama Indo.

Habi ta ja Indo tsakar gida, ta rage murya. "Na taɓa ganin irinshi sau ɗaya, can Rara, ina da ƙuruciya. Anka ce mayu, anka yi turare. Anka ce iskanci, anka yi duka. Daga baya anka danne ta anka ɗura mata kunu, sai ta koyi zuwa bayan ɗaki ta maido shi."

"Ta warke?"

"Ba ta ga kaka ba."

Indo ta dafa bango. "Mi a sunan ciwon, Gwaggo?"

"Ban san mashi suna ba. Amma ciwo na, ba ibada ba, kuma ba hanji shi ke ba, nan shi ke." Ta taɓa goshinta. "Kada a doke ta, kada a yabe ta. Kada ta sake ci ita ɗai, ki zauna da ita ko mutane sun yi dariya. Kuma an ce likitan Turawa na zuwa Wurno ran kasuwa. Ni ban san abin da ya sani ba, amma nawa sanin ya ƙare nan."

Indo ta gyara lulluɓi ta nufi zaure, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Attahiru bai ɗago ba, carbi kawai yake ja.

"Gwaggo ta duba, Malam. Babu komi na wancan zance."

"Alhamdu lillahi!" Ya shafa fuska, ya sake shafawa, har da ƙwalla. "Allah ya ruhe muna asiri. Na san ɗiyata! Yau sai an yanka zakara, ita za ta dahwa shi da hannunta."

"Malam, ba ta cin abinci. Ƙashi ɗai ya rage."

"Haba, azumi na. Wasu na roƙon Allah shi ba su irinta."

Daga cikin gida sai ga ƙarar daka. Atika ta riga ta ɗaura zannuwanta ta koma turmi.

"Kin ji ko?" in ji Attahiru yana murmushi. "Marar lahiya ka yin wanga daka?"

Indo ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Malam, da ma cikin na."

Carbin ya tsaya. "Mi kinka ce?"

"Ciki wata tara na, a sauka, ɗiyata na nan da ranta ko da ba gidanga ba. Wanga ban san inda za shi sauke ta ba. Gobe kasuwar Wurno. Ka ɗaura ma jaki akumari, ba ta iya kai kanta da ƙahwa."

Dakan yana shigowa zauren. Sai yanzu ya saurara da kyau. Tsakanin bugu da bugu akwai jira, kuma jiran sai tsawo yake ƙarawa.

Tabarya ta sauka sau ɗaya. Suka jira ta gaba.

Attahiru ne ya riga ta miƙewa.