Kalma Ɗaya a Takardar Sirajo

Sirajo ko shayi a tsaye yake sha. Shekara goma sha bakwai yana tuƙi, ya fara da motar fasinja tsakanin Jega da Maiyama, daga baya ya koma jigilar albasa da akori-kura, kuma a duk tashoshin nan babu wanda zai ce ya taɓa ganin sa zaune ƙafarsa ba ta kaɗawa.

Wata Alhamis da hantsi ya ji cewa wata ƙungiyar agaji mai ƙaramin asibiti a Aliero tana neman direban motar ɗaukar marasa lafiya. Ƙarfe huɗu na ranar za a rufe karɓar takardu. Ana son lasisi, ana kuma son takardar shaida da Turanci daga shugaban tashar da mutum ya yi aiki. Nan take ya kira Alhaji Isiyaku, shugaban direbobin Maiyama.

"Ni da Turanci?" in ji Alhaji. "Rubuto abin da kake so, ka kawo in sa hannu."

Sai ya nufi unguwar Jega Firchin, gidan yayarsa Dije, wadda ta shekara talatin tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya. Ya same ta tana yankan kuɓewa. Tun bai gama gaisuwa ba ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta wanke hannu, ta sa tabarau, ta jawo takarda. Shi kuwa sai kai da komo yake tsakanin rijiya da ƙofar ɗaki.

"Yaya, ki sa masu ina da sauri. Shi suke nema. Ki sa 'fast'."

"Mota ce 'fast'," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Doki ma haka. Gudu ne bisa hanya. In na sa shi, cewa na yi kana taka mota, ba wani abu ba."

"To ai shi ke nan!"

"Zauna, Sirajo."

Bai zauna ba. Ta ci gaba da rubutu tana magana.

"Ka tuna randa risho ya kama da wuta a ɗakin girkin nan? Kowa na ihu, kai ka jiƙa buhu ka rufe shi. Wanga shi ne 'quick'. Hannu da kai su yi aiki nan da nan, abu ya ƙare. Akwai kuma 'prompt', mutumin da in an kira shi ba ya cewa bari in gama cin tuwo. Su biyun na sa maka, don kana da su."

"Ba su da ƙarfi, Yaya. Kowa ya san 'fast'. Har yara."

Ta cire tabarau ta dube shi.

"Akwai wata da ban sa ba, don kai ƙanena ne. 'Hasty'. Gaggawa ke nan, a yi kafin a yi tunani. Randa ka baro Inna a gidan mai, ka yi nisa kana ta yi mata hira alhali ba ta cikin mota, ita ce wagga."

Maganar ta yi masa zafi, don shekara takwas ke nan ana ba da labarin a gidan biki. Ya zare takardar daga hannunta, ko sallama bai yi da kyau ba, ya fita.

A shagon buga takardu na Kaltume babu wuta, sai da aka tada janareta. Yana tsaye a bayanta yana duba agogon waya. Da ta iso layin, ya sa yatsa a kan gilashin kwamfuta.

"Goge waɗannan biyun. Sa 'fast'. Ki ƙara 'very' a gabanta."

"Malama Dije ta rubuta, kai ko za ka gyara?"

"Ni ke neman aikin ko ita?"

Kaltume ta taɓe baki ta buga yadda ya ce.

Sha biyu ta wuce ya isa tashar Maiyama. Alhaji Isiyaku ba ya nan, wai ya tafi gonarsa a Gumbin Kure inda ake haƙar albasa, kuma hatimin tasha yana aljihunsa. Wayarsa ba ta shiga. Sirajo ya koma cikin akori-kura ya bi hanyar ƙauye, motar tana tsalle, shi yana tsaki. Sau biyu yana tsayawa tambaya. A karo na biyu bai jira mutumin ya gama kwatance ba, sai ga shi a gonar wani daban, dole ya juyo.

Ya sami Alhaji ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, yana kallon ana tara albasa. A kan murfin injin aka shimfiɗa takardar.

"Mi anka rubuta ciki?"

"An ce ina da gudu."

"Wanga kam ba ƙarya," in ji Alhaji. Ya hura hatimi ya danna.

A Jega ya yi azahar, yana sallamewa ya miƙe. Uku da minti ashirin ya shiga harabar asibitin a Aliero, rigarsa jiƙe da gumi. Mutum huɗu na zaune a benci, kowa da ambulan a hannu. Shi ya jingina da bango. Can gefe ga motar asibitin, fara, da jan rubutu a jikinta.

Wadda ke karɓar takardun ita ce Sista Murjanatu, shugabar masu jinya, mace mai ƙaramin jiki da murya a hankali. Ta duba lasisinsa, ta karanta takardar, ta tsaya a wuri ɗaya.

"Daga Maiyama kake yanzu?"

"Daga Gumbin Kure ma, Sista. Biyu da rabi na baro can. Har na tsaya salla." Ya faɗa yana jiran yabo.

Ta ajiye takardar.

"Malam Sirajo, wanda ya bar aikin nan shi ma haka yake. Ni ke zama baya da mara lafiya. Wata rana mun ɗauko mace tana zubar da jini, na sa mata ruwa a hannu da ƙyar, don jijiyar ta ɓuya. Ya faɗa rami da gudu, allurar ta fita. Sai da muka tsaya bakin hanya minti goma ina neman wata jijiyar. Ta rayu, amma ba don gudunsa ba."

Ƙafar Sirajo ta fara kaɗawa. Ya nuna taga.

"To amma ga shi rubuce a jikin motarku. 'Rapid'. Ba sauri ba ne shi ma?"

"Sauri ne, amma ba na taya ba. Mu nan muna faɗin ta ga bugun zuciya, ko numfashin yaro mai zazzaɓi, abu na bin abu babu tsayawa. A jikin motar, aikin ake nufi. A kira, a tashi, a ɗauko, a miƙa. Kai kuma takardarka abu ɗaya ta ce, kana gudu ƙwarai."

Ya ji kamar ya karɓi takardunsa ya fita, har ya kai hannu. Sai ya fasa, ya laluba aljihu, ya fiddo rubutun hannun Dije, duk ya yamutse da gumi.

"Sista, gaskiya ba haka anka rubuta da farko ba. Ni na sa a canza."

Ta warware takardar ta karanta. Ta dube shi ta sake duban takardar.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Yayata. Malamar Turanci ce."

"Kuma ka ga naka ya fi?"

Ta yi 'yar dariya, ta haɗa takardun biyu ta maƙale su da ƙarfe.

"Wannan babu hatimi, ba zan iya kafa hujja da ita ba. Amma ka zo Litinin ƙarfe bakwai. Kowa zai tuƙa, ni ina baya."

Kwana uku bai taka gidan Dije ba. Bai sani ba tun ran Juma'a Kaltume ta kai mata labari. Da suka haɗu a wani suna ran Lahadi, abin da ta ce masa kawai shi ne ya aske gemu kafin gobe.

Ran Litinin aka gwada su biyar. Wani dattijo mai suna Buba, mutumin Kuberi, wanda ya daɗe yana tuƙa motar makaranta, shi ya sami aikin. Sirajo ya zo na biyu. Aka ce zai riƙa karɓar Buba ranar Juma'a da duk ranar da ba ya nan. Ya koma jigilar albasarsa sauran kwanakin, yana ta faɗa wa mutanen tasha cewa da ma shi bai cika son aikin zama ba.

Juma'arsa ta biyu aka kira daga wani ƙauye, wani manomi ya faɗo daga saman lodi ya karya ƙugu. Kafin Sista Murjanatu ta ɗauko jakarta, Sirajo ya riga ya tada mota ya buɗe ƙofar baya. A dawowa ne aikin ya yi masa wuya. Hanya a buɗe, babu kowa gabansa, ga mutum yana nishi a baya, amma duk lokacin da ya ɗan taka sai ya ji ta ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninsu. Ya riƙe sitiyari har yatsunsa suka sage.

Da aka shiga da mutumin, Sista ta fito tana cire safar hannu. Ya tare ta.

"Sau nawa kika ƙwanƙwasa?"

"Huɗu."

"Malam Buba fa?"

"Ban taɓa taɓa gilashin ba in shi ke tuƙi."

Sirajo ya sosa ƙeya, ya dubi motar.

"Ɗaya ba laifina ba ne, Sista. Gangara ce."

"To, uku," in ji ta, ta koma ciki.