Afiba a Kan Rufi

"Buɗe mana, Mildred. Ko sai na mutu za ki karanta min?"

Mildred ta riga ta buɗe littafin tun a matakala, shi ya sa ta shigo jiki a sanyaye. Ta ja kujera kusa da gadon asibitin da aka kafa wa maƙwabciyarta Tante Wonnie, wato Gwaggo Wonnie, a tsakiyar falo. Ciwon suga ya cinye idanun tsohuwar tun bara, yanzu kuma zuciya ta gaza. Likita ya ce a bar ta a gida, a yi mata abin da take so.

"Ya yi kyau," in ji Mildred. "Bangon ma mai kauri ne."

"Wa ya tambaye ki bango? Yarinyar fa? Na ce wa 'yarki ta yi mata kitso irin na 'yan makaranta, da jan ƙyalle a bakinsa. Ta yi?"

Duk yaron da ya tashi a benen nan na kudancin Rotterdam ya san Afiba. Tun zuwan Tante Wonnie daga Suriname take zama a matakala tana ba da labarinta: yarinyar gonakin shinkafa na Nickerie da ta ga tururuwa na hawa bango da ƙwayayensu, ta gane ruwa na tafe. Ta cika kwalabe da ruwan sha, ta naɗe ashana da maganin kakarta a leda, ta ɗaure kwalekwale a jikin turken gida, sannan ta bi maƙwabta tana buga ƙofa. Manya suka yi mata dariya, da asuba kuwa kwalekwalen nata ne ya kwashe su.

Damina biyu da suka wuce aka yi ruwan da ya fi ƙarfin magudanan unguwa, ya cika ɗakunan ajiya na ƙasa, yara suka riƙa firgita da ƙarar tsawa. Sai wani kamfanin buga littattafai ya nemi labarin da zai koya wa yara shirin ambaliya. Sherida, 'yar Mildred, wadda ta gama karatun zane tana neman aiki, ita ta kawo mutanen kamfanin falon nan. Suka ci miyar gyaɗa har da ƙari, suka naɗi muryar tsohuwa. Sharaɗi ɗaya ta gindaya musu.

"Yarinyar ta fito baƙa kamar ni. Yaranmu sun gaji da ganin irinsu a talabijin a kan rufi suna ɗaga hannu a zo a cece su. Su ma su ga tasu tana buga ƙofa."

Suka ce ai dalilin zuwansu ke nan.

Yanzu ga littafin a cinyar Mildred. Yarinyar bango mai gashi ruwan zinariya ce, da jan takalmin roba, sunanta Fleur.

"An yi kitson," in ji Mildred. "Da jan ƙyallen."

Tante Wonnie ta yi tsaki. "Tun kina goyon Sherida na san ki. In za ki yi ƙarya muryarki hawa sama take yi kamar ta mai waƙar coci. Karanto."

Ta karanta. Tururuwar na nan, kwalaben na nan, har ashanar. Fleur ce dai ke buga ƙofofi. Can kusa da ƙarshe Mildred ta tsaya.

"Me ya tsayar da ke?"

"Akwai Afiba, Tante."

"Tana me?"

"An ce a wata ƙasa mai nisa take. Tana zaune a kan rufin kwano, ruwa ya kewaye ta. Fleur ta aika mata bargo."

"Bargo," in ji tsohuwar. "A zafin Nickerie." Ta yi wata 'yar dariya da ta zame mata tari. "Kitson fa?"

"Shi kam an yi mata."

Washegari Sherida ta zo da furanni. Mildred ta tare ta a kicin, ta turo ƙofa.

"Da hannunki kika zana wannan?"

"Mama, saurare ni. Sau uku ina kai musu Afiba. Suka ce makarantun ƙasar nan duka za a raba wa, dole yara su ga kansu a ciki."

"Waɗanne yaran? Na benen nan 'ya'yan kaji ne?"

"Da na ƙi, wani za su ba, ko shafin nan ɗaya ba za ta samu ba. Ni na yi faɗa aka bar ta."

"Kika yi faɗa kika ɗora ta a rufi! Haka za ki yi wa matar da ta riƙa yi miki kitso ina wurin aiki? Kin sani tun yaushe?"

Sherida ta sunkuyar da kai. "Tun kafin Kirsimeti."

"Kina zuwa nan kina ce mata komai na tafiya daidai."

"Na ɗauka ba za ta kai ranar fitowarsa..." Ta haɗiye sauran.

Mildred ta dubi 'yarta kamar yau ta fara ganinta. Daga falo suka ji muryar tsohuwar. "Ku bar raɗa, ido na rasa ba kunne ba. Sherida, zo."

Sherida ta durƙusa a gefen gadon. Tante Wonnie ta laluba ta kama fuskarta, ta bi goshi da hanci da yatsa, ta shafa gashin.

"Da suka tambaye ni kamanninta, ke na siffanta musu," ta ce. "Har wushiryar."

"Tante, ki yafe min."

"Sa furannin a ruwa, kar su bushe."

Ta juya fuskarta bango. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ƙara ambaton littafin ba. Da matan coci suka zo duba ta, ɗaya ta ce a ba su labarin Afiba ko sa tuna baya, sai tsohuwar ta ce ta manta yadda yake farawa. Miyar gyaɗar da Mildred ke kawowa ma cokali biyu take sha ta kau da kai.

Ranar Talata da hantsi Mildred na shafa mata mai a ƙafa, jirgin ƙasa na cikin gari ya wuce, gilashin taga ya yi ɗan rawa kamar kullum. Ta ɗago za ta ce a juya ɗaya ƙafar, ta ga ƙirjin ya daina motsi. Ta ƙarasa shafa man tukuna, ta rufe ƙafafun, sannan ta kira likita.

An yi mata jana'iza irin ta gida Suriname, da masu busa ƙaho, masu ɗaukar akwati na taka rawa da ita har bakin kabari. Sherida ta tsaya can baya. Da aka watse ta matso za ta riƙe hannun uwarta, Mildred ta gyara jakarta zuwa wannan hannun.

Da suka dawo suka tarar kamfanin ya aiko da kwali cike da littafin, kyauta ga yaran benen. Mai kawowa ya ajiye shi a bakin ƙofar shiga, ƙarƙashin akwatunan wasiƙa. Masu zaman makoki suka yi ta ratse shi suna hawa sama da tukwanen abinci.

Da la'asar aka soma yayyafi. Mildred ta sauko zubar da shara, ta tarar wani ya bar ƙofa a buɗe. Ruwa ya gangaro ta kan dakali, gindin kwalin ya jiƙe ya yi duhu, danshin na hawa a hankali. Ta tsaya da ledar sharar a hannu tana kallonsa.