Bandejin Baba Tela

Aikin ido muke yi wa marasa hali a ƙungiyarmu. Yau likita ya cire yanar ido, a rufe idon da auduga da filasta, gobe da sassafe nas ta buɗe, ta ɗiga magani, mutum ya koma gida da ƙafarsa ba mai ja masa sanda. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, an sa ni a kwamitin amintattu. Darakta kuwa 'yar ƙanena ce. Auta muke ce mata, ko da yake yanzu ita ma furfura ta fara leƙo mata.

Gidauniya guda ce ke ɗauke da mu, kuma yarjejeniyarmu da ita ta zo ƙarshe. Ranar da nake ba da labari, jami'arsu za ta zo ta duba mu kafin su yanke shawarar ko za su ci gaba. In suka janye hannu, ɗakin tiyata ya rufe ke nan. Auta ta sani, likita ya sani, har mai shara ta sani, don ranar ta goge barandar nan sai ka ce za a ci abinci a kai.

Na iso da hantsi na tarar duk waɗanda aka yi wa aiki jiya an buɗe su, suna ta ƙifta ido a bayan baƙin tabarau. Saura mutum ɗaya a kan benci, wani tsoho siriri, idonsa na dama a rufe da bandeji, na hagu kuma fari fat da yana. Baba Tela ake kiransa. Ya daɗe da barin keken ɗinki, tun da duhu ya rufe shi.

"Wannan fa?" na tambayi nas.

Ta dubi ƙasa. "Na baƙi ne, Hajiya."

Sai a ranar na san muna da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. Duk ranar da mutanen gidauniya za su zo, akan zaɓi mutum guda a bar shi da bandejinsa, sai baƙi sun zauna, mai hoto ya saita, sannan a buɗe shi a gabansu. Na sami Auta a ofis tana gyara labule.

"Gwaggo, kar ki fara," ta ce kafin in buɗe baki. "Kowa haka yake yi. Rahoto ba ya sa mutum kuka. Gani ya kori ji."

"Ganin wa?" na ce. "Shi mai idon ai bai gani ba tukuna."

"'Yan sa'o'i ne kawai. In suka tafi ba su ga komai ba, mutum nawa ne za su zauna a duhu baɗi?"

Ba ƙarya ta yi ba. Na koma baranda na zauna kusa da tsohon.

Hantsi ya wuce. Aka bugo waya cewa motarsu ta lalace a hanya. Rana ta take, inuwar ginshiƙi ta janye daga kan bencin. Nas ta zo ta wuce da kwalbar maganin ɗigawa a hannu, ta sake dawowa ta wuce, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Auta ta fito ta kawo wa tsohon ruwa da kanta.

"Baba, a ƙara haƙuri kaɗan. Likita na nan zuwa."

"'Yata," in ji shi, "ni makaho ne, ba kurma ba. Likita ya wuce ta gabana tun ɗazu, na san ƙarar takalminsa. Baƙinku nake jira. To, ba komai, wanda ya biya ai yana da hakki. Amma ki gaya mini abin da ake so in yi in an buɗe. Kuka zan yi ko dariya? Kar in ɓata muku."

Ba gatse yake yi ba. Tsakaninsa da Allah yake tambaya. Auta ta miƙa masa kofin. Sannan ta juya ta ce wa nas, "Buɗe shi."

"Amma baƙin…"

"Na ce ki buɗe shi."

Nas ta ɗaye filastar a hankali, ta ɗauke audugar, ta goge gefen idon. Fatar idon ta motsa, ta ɗaga, ta sake rufewa, ta kuma ɗagawa.

Na yi shekaru ina koya wa yara yadda ido yake, na zana shi da alli a allo har ban san iyaka ba. Ashe ban taɓa ganin lokacin da haske ke shiga mutum ba. Ba ihu, ba komai. Fuskar ce kawai ta cika, kamar randar da ake zuba wa ruwa. Har mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Abin da ya fara kallo hannunsa ne. Ya ɗaga shi, ya juya bayansa, ya bi jijiyoyin da yatsa.

"Hannun mahaifina ne wannan," ya ce a hankali. "Yaushe ya dawo jikina?"

Sai ya dubi ruwan da ke cikin kofi, rana na wasa a kansa tana jefa zare-zaren haske a silin. Ya bi su da kallo yana tasbihi ƙasa-ƙasa. Ya dubi tururuwa a gindin bango. Ya dubi jan bokitin mai shara kamar ranar aka halicci ja. Daga nan idonsa ya sauka kan nas, ya tsaya a kafaɗarta.

"'Yar nan, wa ya ɗinka miki wannan riga? Allah ya isa tsakaninki da shi. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Muka kwashe da dariya, hawaye na zuba. Auta ta jingina da bango ta rufe fuska da mayafi.

Sai bayan la'asar jami'ar ta iso, ita da mai hoto, ƙura har gira. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana. Bayan gaisuwa mai hoton ya fara waige-waige, ya ce, "Ina wanda za a buɗe?"

Na dubi Auta. Tana iya cewa ba a samu ba yau, ba wanda zai ƙaryata ta.

"Mun buɗe shi tun da rana," ta ce. "Ranki ya daɗe, da safe ya kamata a buɗe shi. Mun ajiye shi ne dominku. Duk zuwan da kuke yi haka muke yi. Yau na kasa."

Jami'ar ta juyo ta dube ta.

"Duk zuwan?" ta ce.

"Duk."

"Ni kuwa nakan koma ofis in ce musu ina da sa'a, kullum ina tarar da ana buɗe wani." Ta zauna a bakin benci. "Mu muka ce a riƙa turo mana hoto mai taɓa zuciya. Ban taɓa tambayar yadda ake samunsa ba."

Baba Tela na gefenta, bai san ko wace ce ba. Ya taɓa hannunta ya nuna mata sama, inda wasu tsuntsaye ke juyawa tare a kan rufin asibitin, su yi baƙi, su yi fari, su sake yin baƙi.

"Baiwar Allah, kina ganin abin nan? Kullum haka suke yi?"

"Kullum, Baba."

"Kuma kuke tafiya kuna kallon ƙasa?"

Mai hoto ya ɗaga kyamara. Ba ta ko juyo ba, ta ɗaga masa hannu, ya sauke. Suka zauna su biyu suna kallon tsuntsayen har suka ɓace bayan gini.

Da ta miƙe, ta dubi Auta. "Me kuma kuke yi saboda mu wanda ba ku so?"

"Ranki ya daɗe, in na fara sai magariba."

"To fara. Baɗi muna tare, wannan ni zan tsaya a kai. Amma zan koma hannu rabbana, sai kin taya ni da abin da zan faɗa wa manyana."

Suka shiga ofis suka turo ƙofa. Ban bi su ba. Can na jiyo muryar Auta ta ɗaga, irin yadda take ɗaga ta in tana musu da 'yan'uwanta a gida, jami'ar kuma tana cewa, "A'a, a'a, wannan kam laifinku ne, ba namu ba."