Tsagaggen Kunnen Sarki

Uba Gronw, shugaban gidan ibada, shi ke rubuta tarihin wani sarki da ya kori mahara 'yan ƙabilar Sakson daga ƙasar tun zamanin kakannin kakanni. Ithel kuwa, ɗaya daga cikin sufayen gidan, aikinsa zane. Uba ya bar masa fili a shafin farko, ya ce ya sa fuskar sarki. Sai dai ba wanda ya san kamanninsa.

A makon ne kuma yayan Ithel, Meilir makiyayi, mai kawo musu fatun tumaki na rubutu, zai koma wajen 'yarsa can bayan duwatsu, don ƙafa ta gaji. Sufi kuwa ba ya fita zumunci. Sai hannun Ithel ya bi zuciyarsa: faffaɗan goshi, gemu mai furfura, kunnen hagu a tsage. Ya ɗora kambi a kai. Ko ba komai, zai riƙa ganin yayansa kullum.

Ranar da Meilir ya kawo fatun ƙarshe, Uba Gronw ya shigo duba aiki. Ya daɗe a sunkuye kan shafin.

"Ɗana, fuskar ta yi kwarjini. Amma wa ya ci wa sarki kunne?"

Uba ya ɗago kai, ya ƙara da cewa:

"Ɗauko wuƙa ka kankare ta duka, ka sake. Sarki ba ya zuwa da rabin kunne."

Meilir ya leƙo ta bayan ƙanensa. Ya dubi zanen, ya ja hular ulunsa har ta rufe kunnuwa, ya raɗa masa, "Kai, ɗan banzan ɓarawo." Sannan ya gyara murya.

"Uba, a gafarce ni, ai haka kunnensa yake."

"Kai ka gan shi?"

"Ni? Ina! Amma kowane makiyayi a kwarin nan ya sani. Wani aladen daji ne ya addabi garken wata tsohuwa. Sarki na wucewa ya ji kukanta, ya sauko daga doki, ya ajiye takobi, wai kada alade ya ce an cuce shi. Suka kama kokawa tun safe har la'asar. Alade ya tafi da kunne, sarki ya tafi da alade."

Uba Gronw ya dubi zanen, ya dubi hular.

"Meilir, yau ai ba sanyi."

"Tsufa ne, Uba. Iska kaɗan sai kai ya ɗauka."

Uba ya yi murmushi, ya zauna, ya jawo tawada. "Da ma tsakanin yaƙin kogi da yaƙin tudu akwai shekarun da ban san abin da sarki ya yi ba, kuma giɓin yana damuna. Aladen, yaya girmansa?"

"Kamar maraƙi."

"Maraƙi kawai?"

"To, bijimi."

"Ithel, mayar da wuƙarka," in ji Uba, yana rubutu.

A bakin ƙofa Ithel ya cusa wa yayansa cuku da burodin sha'ir a jaka.

"Yaya, rago ne fa ya tunkuɗa ka cikin shinge. Kana gudu kana kiran Inna, jini har wuya."

"Je ka gaya wa littafi," in ji Meilir. Ya dafa kan ƙanensa, ya kama hanyar tudu a hankali.

Da shekara ta zagayo, sabon mai kawo fatu ya ba Ithel labarin aladen, wanda yanzu ya kai girman bukka. Har ya rantse kakarsa ta nuna masa ramin da ya faɗi. Ithel ya saurare shi har ƙarshe, bai gyara masa ko kalma ɗaya ba. Da mutumin ya tafi, ya buɗe shafin farko kamar yadda yake yi kowace safiya kafin ya dama launi.

"Ina kwana, Yaya," ya ce. "Aladenka ya ƙara ƙiba."