Abin da Ke Cikin Jitar Ozella

Shekara talatin da takwas Ozella Tubbs tana kaɗa jita, amma babu faifai ko ɗaya mai sunanta. Ta yi wasa a wuraren suyar kifi, ta yi a gidajen biki, ta yi a bayan motar ɗaukar auduga. Waƙoƙin duk ita ta tsara abinta, kuma kowa a yankin ya san dokarta: ka ɓata mata rai ranar Talata, ka ji kanka a waƙa ranar Asabar. Mai shagon aski ya shiga. Matar fasto ta shiga sau biyu. Mutum ɗaya ne bai taɓa shiga ba, mijinta Cleophus, dattijon coci, kuma yana taƙama da hakan kamar sojan da ya dawo yaƙi ba tabo.

Yanzu sanyin ƙashi ya fara cin yatsunta. Kullum da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwasa. Shi ya sa da wata mai naɗar sauti, Renita Goolsby, ta bugo waya daga Memphis ta ce za ta zo ranar Alhamis ta ɗauki waƙoƙinta a barandar gida, Ozella ba ta ja aji ba. Wuni ɗaya ne rak, ƙarfe biyar Renita za ta kama hanya. Ozella ba ta faɗa wa kowa ba, amma ba ta da tabbacin yatsun za su jira baƙo na gaba.

Sai da aka ci soyayyar tarwaɗa da burodin masara sannan Renita ta kafa makirufo, ta toshe kunnuwanta da abin saurare. Ozella ta zura wuyan kwalba a ƙaramin yatsanta, ta ja shi a kan tsirkiya. Jitar ta yi kuka kamar mutum. Ba ta kai baiti na biyu ba Renita ta ɗaga hannu.

"Yi haƙuri, Mama Ozella. Ina jin wani cakar-cakar daga cikin jitar."

"Wutsiya ce, 'yar nan. Ci gaba da aikinki."

Mahaifinta ne ya kashe macijin nan mai kacau-kacau a bayan gona, ya yanke wutsiyar ya jefa cikin jitar, kamar yadda tsofaffin makaɗa suke yi. Tana korar ɓera da gizo-gizo, tana kuma ba tsirkiya murya. Ranar da ya miƙa mata jitar ya ce duk abin da za ta yi a duniya, kada ta raba su.

"Mu gwada waƙa ɗaya ba ita," in ji Renita. "In ba ta yi daɗi ba, sai mu mayar."

Cleophus, wanda ke gyangyaɗi a kujerar lilo, ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Ba a fitarwa! Wasiyya ce!"

Ozella ta juyo a hankali ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai, tsohon nan. Ba kai ne kake ce mini camfi ne ba? Har wa'azi ka taɓa yi mini a kanta."

"Mutum yana canzawa, Zella."

"Kai? Hularka ma ba ka canza ba tun da na san ka."

Da ma ba ta da niyyar fitarwa. Amma gumin da ta ga ya keto a goshinsa ya sa ta kife jitar a cinya, ta girgiza. Ƙura ta zubo, da wani tsohon maɓalli. Ta sake girgizawa. Wani abu dogo, baƙi, ya faɗo ya gangara har gaban takalmin Renita.

Renita ta ɗauka, ta jujjuya shi, ta kaɗa a kusa da kunne. 'Ya'yan ciki suka yi cakar-cakar.

"Mama," ta ce a hankali, "macizan garin nan a lambu suke tsirowa?"

Busasshiyar kuɓewa ce.

Cleophus ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, kamar mai tsaye a bakin kabari. Shekarar da aka yi babbar ambaliya ce, in ji shi. Ya ɗauki jitar ya goge mata don ya faranta mata rai, ya girgiza ƙura, wutsiyar ta faɗo. Kafin ya sunkuya, karensu Sarge ya haɗiye ta.

"Kwana biyu ina bin karen nan da tsinke, Zella. Allah ne shaidata. Duk inda ya tsuguna ina nan."

"Shekarar ambaliya," ta ce. "Shekara ashirin da biyu ke nan."

"Wannan ta huɗu ce. Suna rugurgujewa, sai in sauya."

"Daga kuɓewar irina?"

"Masu kyan nake zaɓa."

Renita ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ozella kuwa ba ta yi dariya ba. Ta gyara jitar ta taɓa tsirkiya. Sautin ya fito tas, ba ƙura ba datti, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Ta fara waƙar da ta yi wa mahaifiyarta, ta tsaya. Ta sake farawa, yatsun suka ƙage. Ta ajiye hannunta a cinya. Agogon falo ya buga uku da rabi.

Sai ta shiga lissafi a zuci. Waƙar ambaliya, bayan Sarge ya haɗiye wutsiyar ta tsara ta. Ta mahaifiyarta, bayan Sarge. Ta matar fasto ma, wadda ake rerawa har a Arkansas, duka biyun. Duk daɗin da mutane ke cewa albarkar mahaifinta ce, ashe albarkar ta daɗe da bi ta cikin kare.

"Wato shekara ashirin da biyu," ta ce, "miya nake kaɗawa."

Ta miƙa hannu. Renita ta ɗora mata kuɓewar, ta jefa ta cikin jitar, ta girgiza sau ɗaya. Cakar.

"Amma ƙarar, Mama..."

"Bar ta. Ki rubuta a bayan faifan: jita da murya, Ozella Tubbs. Kuɓewa, Cleophus Tubbs. Kunna abinki."

Ta soma wani kiɗa mai tafiyar agwagwa, wanda babu wanda ya taɓa ji. Cleophus ya san matarsa. Ya ga yadda take lumshe ido ɗaya tana motsa leɓe.

"Zella, ki dubi Allah. Ni ne zan karanta sanarwa ranar Lahadi."

Ta buɗe baki:

"Na auri dattijo mai tsoron Allah,
mai farar riga, mai takalmi fes.
Kwana uku yana bin kare,
yana jiran abin da kare zai bayar."

Waƙa goma sha ɗaya suka naɗa kafin biyar, yatsun ba su sake yi mata gardama ba sai a ta ƙarshe, ita ma ta lallaɓa ta kai. Da faifan ya fito, waƙar kare ce ta farko. In ka saurara da kyau za ka ji cakar-cakar a ƙarƙashin tsirkiya tun daga fari. Can wajen ƙarshe kuma, bayan jitar ta yi shiru, akwai muryar wani dattijo daga nesa da makirufo, cike da takaici:

"Kwana biyu ne, ba uku ba."